Biro a Wuyan Taurari

Jiya ina shigowa ɗaki na ji Nura yana cewa wai in dai aikin Baba Tasi'u ne, sati biyu ya ishe shi ya ƙware: a shafa gam, a manna takarda, a zauna cikin sanyin esi ana kurɓar shayi. Kuka yi ta dariya. Ban ga laifinku ba, ku kuna can kuna ɗaukar bulo cikin ranar Riyad, ni ina zaune a kan kujera. Amma tunda yau Juma'a ce babu shugul, kowa yana hutu, ku matso in ba ku labarin gam ɗin. Wanda ya ji zai iya, gobe ya biyo ni shago a unguwar Shumaisi.

Sana'ata a nan tajlid ake ce mata, wato ɗaurin littafi. A Kano na soma, wurin kawuna, baduku ne mai yin gafaka da bangon Alƙur'ani. Shi ya koya mini riƙon basilla, da murza zare da kakin zuma, da feƙe bakin fata har ta yi sirantar da za ta naɗu ba ta yi tudu ba. Da zan zo ƙasar nan da bizar direba na zo, alhali ko keke ban iya juyawa da kyau ba. Kafilina, Balaraben da na shigo da sunansa, ya dube ni sau ɗaya ya gane, ya ce in je in nemi abin yi, mu riƙa haɗuwa lokacin sabunta iƙama, wato katin zama.

Aikin farko da na samu a wani sito ne a Sulay, inda ake sauke mujallun da aka shigo da su daga waje. Mu goma sha biyu a dogon tebur, kowa da baƙin alƙalami mai kaurin babban yatsa. Shugaban aiki zai buɗe kwafi ɗaya ya nuna: shafi na tara, kafaɗa da ƙirji, shafi na ashirin da biyu, ƙafa har gwiwa. Shi ke nan, sai ka yi ta shafawa daga safe har la'asar, mace ɗaya ka rufe ta sau ɗari biyar. Shekara uku na yi ina ɗinka wa matan Turawa riguna da tawada. Na fito daga wurin ina ganin babu abin da ban sani ba game da tawada da takarda, ashe shafawa kawai na iya.

Wanda ya fitar da ni daga siton wani tsoho ne ɗan Sudan, Ammu Bashir, mai shagon tajlid a wani lungu na Shumaisi. A masallaci ya ga bangon da na yi wa Alƙur'anina, ya ɗauka ya juya shi, ya leƙa ɗinkin ta ciki, ya ce wa ya yi. Na ce ni ne. Ya ce in zo gobe. Na je ina taƙama ni ɗan gidan dukanci ne, sai ya ba ni tukunya da muciya. Wata shida ban taɓa littafin kowa ba, daga dama talge sai zare ƙarafan sitefula daga tsofaffin takardun da ya tsinto a shara don in koya. In na yaga ɗaya, sai ya ƙaro mini goma.

Yawancin aikin shagon ba shi da daɗin labari, kundin ɗaliban jami'a ne da littattafan malamai da suka yage. Amma Ammu Bashir yana da wasu mutane nasa daban, masu tara tsofaffin mujallun fim. Ku tuna a lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a garin nan, wannan da kuke zuwa kuna ƙarar da albashinku jiya-jiya aka buɗe shi. Su dattawa ne da suka yi ƙuruciya tun ana hayar majigi a kafa farin zane a tsakar gida, a rufe ƙofa, 'yan unguwa su taru a tabarma. Zamanin ya wuce, majigin ya lalace, abin da ya rage musu mujallu ne, na Alƙahira da na Bairut da na Turai, a cikin kwalaye a ƙarƙashin gado.

Mujallun farko da aka sa a hannuna guda goma ne, na wani tsohon malamin makaranta. A gida in ka ɗaure littafi ba ka datse bakinsa ya yi fes ba, ba ka gama aiki ba. Na jera su, na sa a wuƙar datsa, na sauke hannu. Suka fito sumul. Na kai wa Ammu Bashir ina jiran yabo.

"Ya zol," ya ce, yadda 'yan Sudan suke kiran mutum, "me ka yi musu?"

"Na gyara bakin, Ammu."

"Su suka ce maka bakinsu yana ciwo?"

Ya durƙusa ya tattara ɓarɓashin da na zubar a ƙasa ya nuna mini. A jikin wani siririn yanki akwai hatimin shagon da aka sayi mujallar a Bairut, a wani kuma rubutun fensir ne na mai ita, ranar da ya kalli fim ɗin da wanda suka kalla tare. Mutumin da ya zo bai yi faɗa ba. Ya roƙi a zuba masa ɓarɓashin a ambulan, ya tafi da abinsa, bai sake dawowa ba. Ranar na gane mutanen nan tsufan suke so, ba su zo a mayar musu da abu sabo ba.

Kayan aikin ba su da yawa, ban da ƙarfen matsi duk za su shiga ledar baƙala, kantin unguwa. Akwai ƙashin raƙumi da aka goge ya yi santsi, da shi ake kwantar da naɗi. Akwai aska, da basilla da zare, da burushi mai laushi, da takardar tsotson ruwa, da auduga, da kwalbar sifirit. Gam ɗin da Nura yake magana kuwa ba ma taɓa na kanti, cin takarda yake yi. Talgen garin alkama muke damawa, a tace, a bar shi ya huce.

Babban abokin gabanmu salatif ne. Duk mai mujalla ya taɓa nuna mata ƙauna da salatif, in ya shekara talatin sai ya yi ja ya narke ya shige cikin takardar. Cire shi daga fuska ɗaya yana iya cin yini guda: a ɗumama da na'urar busar gashi, a ɗaga da bakin aska kaɗan-kaɗan, numfashi ma a hankali kake yi. Ga tsatsar sitefula da ke cinye tsakiyar shafi. Ga bushewar garin nan, takarda ta bushe har in ka naɗa ta ta karye kamar ɓawon gyaɗa, dole a kwantar da ita a baho da jiƙaƙƙen tawul a gefe, a rufe, ta sha danshi kwana biyu, sannan a shanya. Kuma kafin ka ɗiga wa takarda komai, ko da ruwan sha ne, sai ka gwada a can gefe inda babu hoto babu rubutu, ka jira ka ga abin da zai faru. Ammu Bashir ya sha buge mini hannu da ƙashin raƙumin a kan wannan.

Wata fasta ta tallar fim na tuna, doguwa, ta fi ni tsayi, an ninke ta gida takwas tun kafin a haife ni. Duk inda ninkin ya bi ta tsage, ta rabu gida-gida kamar an yanka gurasa. Hoton wani gida ne a kan dutse, jemagu sun rufe sama, mace tana gudu ta waiwayo baki buɗe. Sai da muka shimfiɗa farin yadi a ƙasa, muka shafa talge, muka ɗora yankunan ɗaya bayan ɗaya muna daidaita jemage da fukafukinsa. In ka kauce da faɗin gashi, idon matar ɗaya zai fi ɗaya tsawo, kuma talge ba ya jiran kowa. Sati uku muka yi a kanta, gwiwoyina har suka yi kanta. Mai ita ya zo ya tsaya a kanta yana dubawa, can ya ce a fim ɗin rigar matar ba wannan launi ba ce.

A haka na san taurarin, ba tare da na taɓa kallon fim ɗinsu ko ɗaya ba. Iri biyu ne suka fi zuwa mana. Akwai na 'yan leƙen asiri: mutum cikin baƙar kwat, gashi a kwance yana ƙyalli, bindiga a tsaye kusa da kunci, mace tana leƙowa ta bayan kafaɗarsa, ita kuma sau da yawa wani irina ya riga ya ɗinka mata riga. Akwai kuma na ban tsoro: dogon Bature mai shan jini da haƙora biyu a waje, da gawar da aka naɗe da tsumma ta taso daga kabari tana jan ƙafa, da wani da yake rikiɗa ya zama kerkeci in wata ya cika. Na ce wa Ammu Bashir ai mu ma muna da masu zama kura a gida, ba a dai buga su a mujalla ne. Mai shan jinin nan na gyara masa haƙora ya fi sau ashirin, ko likitansa bai kai ni saninsu ba. 'Yan ɗakinmu na lokacin har suna suka sa mini, wai Tasi'u mai aljanu.

Dattawan in suka haɗu a shago sai musu. Wannan ya ce ɗan wasa kaza ya fi kowa iya riƙe bindiga, wancan ya ce haba, mutumin da ko taba bai iya kunnawa ba? Sun san wa ya auri wa, wa ya mutu a tsiyace, wa yake suma in ya ga jinin gaske. Mutum da jikokinsa, gemu fari fat, sai ya miƙe yana kwaikwayon tafiyar gawa a tsakiyar shago, saura suna gyara masa. Ni dai ina ɗinki ina jin su.

A cikinsu wanda ya fi zama wurinmu shi ne Abu Fahad, tsoho ne mai shagunan sayar da littattafai da kayan rubutu, ciwon suga ya soma cin idonsa. Wata rana direbansa ya shigo da kwalin dabino cike da mujallu arba'in da 'yan kai. Ya ce a kwance su, a tsabtace, a ɗaure juzu'i huɗu da koriyar fata. Sannan ya zaro guda ɗaya da kansa, ta Alƙahira, takardarta ta yi ja don tsufa, ya buɗe can wajen ƙarshe. Shafin masu karatu ne, inda samari suke aika hotonsu a buga da suna da gari da tauraron da mutum ya fi so. Hotunan ƙanana ne, kowanne kamar kan sarki. Ya sa gilashin ƙara girma, ya lalubo na uku a layi na biyu.

"Wannan yayana ne, Sa'ad," in ji shi. "Dubi yadda ya ɗaga wuyan riga, wai shi ɗan leƙen asiri. Kwat ɗin ma aro ya yi. Shekara biyu bayan wannan mota ta kashe shi a hanyar Dammam. Mahaifinmu ba ya yarda da hoto a gida, duk wanda ya samu wuta yake sa masa. Wannan ya tsira ne don a ƙarƙashin katifata yake. Babu wani, ya Tasi'u, a duk duniya babu. Ka yi mini shi tun ina ganin wani abu."

Na ce in sha Allahu.

Shekarar kuwa ita ce wadda aka tsananta binciken iƙama, wasunku ba su zo ba tukuna. Aka ce duk wanda yake aiki ba wurin kafilinsa ba, ko aikin da yake yi ba shi ne a rubuce a katinsa ba, ya gyara cikin wa'adi ko ya bar ƙasa. Ni duka biyun sun hau kaina: katina ya ce direba, kafilina yana can Kharj. Ammu Bashir ya ce shi ya tsufa da guje-guje, ya tattara ya koma gida, ya bar mini mabuɗi da kayan aiki. Unguwa ta yi tsit, rabin shagunan a rufe. Na sauke ƙofar ƙarfe ina aiki daga ciki, in na ji mota ta tsaya a lungu sai in kashe fanka. Ana haka Abu Fahad ya aiko direbansa ya ce in kwantar da hankalina, zai mayar da ni ƙarƙashin shagonsa a matsayin mai tajlid. Ranar da zan kai juzu'an in tafi da takarduna ya sa hannu gaba ɗaya. Ba ni da wata ƙofa sai wannan.

A cikin kwanakin ne na ɗauko Malam Idi. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni da kusan shekara goma, gadi yake yi a wani gini aka sallame su, ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa. Na ce ya zauna a bayan shago kafin a ga yadda za a yi. Mutum ne mai tsabta, mai yawan karatu, ba ya cin abincin kowa sai ya yi masa wani aiki. Shi yake jan mu salla, mu biyu, tunda ba kullum ake iya fita masallaci ba. Lokacin na riga na kwance mujallun duka, na shanya shafukan a kan igiyoyi daga bango zuwa bango, wasu a tebur, wasu a ƙasa. Duk inda ka juya ido ne yake kallonka. Ta alƙibla ma mai shan jinin ne a rataye.

"Malam Tasi'u," ya ce mini ran nan bayan mun sallame, "wanga ɗaki, mala'ikun rahama ba su shigowa."

Na yi dariya na ce su yi mana haƙuri sati biyu, kayan mutane ne. Na ɗauka magana ta wuce.

Saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika na tafi Kharj karɓo takardar saki daga tsohon kafilina. Tun safe na fita, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da shago a share, an dafa shayi, Malam Idi yana zaune yana jan carbi, fuskarsa a sake. Rulata da shuɗin biro suna kan tebur.

"Na hutar da kai," ya ce. "Na yanke musu wuya duka. In an raba kai da gangar jiki ya tashi daga hoto, ai ka san haka. Yanzu sai mu yi sallarmu lafiya lau. Duba ka gani, ko harafi guda ban taɓa ba."

Gaskiyarsa, bai taɓa ba. Aiki ya yi mai tsabta, da rula, layi miƙaƙƙe daga wannan gefen wuya zuwa wancan, inda rubutun Larabci ya gitta sai ya ɗaga biro ya tsallake. 'Yan leƙen asiri da matansu, gawar, kerkecin, har mai shan jinin da wuyan mutane ne sana'arsa, ranar shi ma an yi masa. Na ƙirga ɗari biyu na daina. Na wuce igiyar ƙarshe inda na rataye shafin masu karatu shi kaɗai. Samari ashirin da huɗu, kowa da layinsa, Sa'ad ma da nasa.

Ban zage shi ba. Ya girme ni, kuma a garinsu da garinmu duk haka wasu suke yi wa kalanda in za a rataye ta a ɗaki, kakata ma da gawayi take yi. Na zauna a ƙasa na ce, "Malam, ka kashe ni." Sai a lokacin ya fahimci ba kalanda ba ce.

To, ga inda sana'a take. Tawadar biro a kan bango mai sheƙi ba ta shiga ciki, a sama take zaune. Za ka naɗa auduga a tsinke, ka taɓa sifirit, ka mirgina a kan layin. Mirginawa na ce, ba gogawa ba. Ka canza auduga, ka sake. Wuya ɗaya minti goma ne in hannunka ya faɗa. Sawun da bakin biron ya bari kuma ka kife shafin ka lallashe shi ta baya da ƙashi har ya kwanta. Malam Idi ya zauna yana naɗa mini auduga, abinci ma sai na matsa masa. Kwana shida muka yi a haka. Bangaye suka fita fes, mujallun Turai masu takarda mai kyau su ma suka ba da kai. Cikin mujallun Alƙahira kuwa takardar jarida ce, mai shan ruwa kamar soso. Na duba su na ce waɗannan a bar su da layinsu, tsoho ba zai bi su ɗaya-ɗaya ba.

Saura Sa'ad. Da hantsi ne, rana ta bakwai. Na ɗora shafin a tebur na duba da gilashi. Layin siriri ne, ya bi ta ƙarƙashin haɓa ya ratsa wuyan kwat ɗin, bai taɓa fuskar ba ko kaɗan. Da na bar shi haka, da yau Sa'ad yana nan da fuskarsa. Amma na ce a raina duk cikin kwalin nan wannan kaɗai tsohon zai kai wa ido, in ya ga an yanka wa ɗan'uwansa wuya, shi da ya ɓoye hoton a ƙarƙashin katifa don kada a taɓa shi, wace takarda zai sa wa hannu? Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Ga hannuna ya saba, kwana shida ban yi kuskure ba. Akwai samari ashirin da uku a shafin da zan iya gwadawa a kansu, akwai farin gefe fal. Ban gwada ba. Za ku ce me ya hana in ɗauki hotonsa da waya tukuna. Wayar tana aljihuna, ban ɗauka ba.

Sau ɗaya na taɓa audugar. Takardar ta zuƙe sifirit ɗin, tawadar ta narke ta bazu ta haura sama, ta ci haɓa, ta ci baki, ta kai hanci, ina kallo. Na yi sauri na danna takardar tsotso, da na ɗaga sai ta taso da fatar shafin. Abin da ya rage goshi ne, da gashi mai ƙyalli, da ido ɗaya. Duka-duka abin bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Malam Idi ya yi salati. Ya miƙe yana neman takalmansa, ya ce zai je da kansa ya faɗa wa mai kayan shi ne ya yi, in kama shi za a yi a kama. Na ce ya zauna. Layinsa bai ci fuskar kowa ba, audugata ce ta ci.

Na buga wa dattawan shago waya ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai wannan fitowar, babu wanda yake da ita. Na yi tunanin in cike wurin da fensir, na iya zane daidai gwargwado, amma bakin wa zan zana? Na bar shi yadda yake. Na ɗinke juzu'an huɗu, na ja musu koriyar fata, na sa jan ƙyalle a shafin don ya same shi ba wahala, na matse su kwana ɗaya.

Saura kwana biyu na kai su gidansa a Ulaisha, da safe. Tun a mota nake haddace abin da zan faɗa, na ƙudurta zan faɗa ko me zai biyo baya. Aka shigar da ni majalisa, aka zuba gahawa. Babban ɗansa Fahad ne ya riƙo hannun tsohon ya zaunar da shi, sai na lura a wata ukun nan idon ya ƙara tafiya sosai. Da na yi sallama, gefena ya kalla ya amsa.

Ya shafa fatar, ya shinshina ta, ya bi ɗinkin da yatsa. "Ma sha Allah. Hannun Bashir ke nan, bai tafi da shi ba." Ya lalubo jan ƙyallen ya buɗe, ya miƙa wa ɗansa. "Fahad, duba mini baffanka."

Fahad ya duba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya dube ni.

Na ajiye kofin na ce, "Ya ammi, akwai magana a kan shafin nan."

"Tsaf yake, Yuba," Fahad ya katse ni yana amsa wa babansa, idonsa a kaina. "Ya fito tsaf." Ya girgiza mini kai kaɗan, sau ɗaya.

Na sake ɗaukar kofin. Zan iya ce muku Fahad ne ya hana ni, kuma haka ne, amma na ji daɗin hanawar, wannan ma gaskiya ce. Tsohon ya ce a kawo takarduna. Fahad ya ɗora masa yatsa a inda zai sa hannu, wuri uku, ya sa, aka buga hatimi. Iƙamar da take aljihuna yanzu daga wannan zaman ta fito. Fahad ya miƙo mini takardun ba tare da ya kalle ni ba, ya ce direba zai mayar da ni.

Na miƙe ke nan tsohon ya ce in dakata. Ya ɗora juzu'in a cinya, ya kai gilashin kusa da shafin, ya sunkuya har hancinsa yana taɓa takardar. Can ya ajiye gilashin.

"Dishi-dishi kawai nake gani," in ji shi. "Abin mamaki, shekara hamsin ina kallon hoton nan, yau na kasa tunawa. Kai da ka zauna da shi wata uku, ya Tasi'u, gaya mini. Murmushi yake yi, ko ya ɗaure fuska irin ta 'yan fim?"

Na ce, "Murmushi yake yi, ya ammi. Ta gefen hagu, kaɗan, kamar ya so ya ɗaure fuskar dariya ta ci ƙarfinsa."

Ya buga cinya. "Shi ne! Wallahi shi ne. Bai taɓa iya ɗaure fuska ba."

A wannan kam ban yi masa ƙarya ba. Na ga murmushin da gilashi, da hantsin nan, kafin in taɓa audugar, kuma bayana babu wanda ya sake ganinsa.